Fuskar da Ban Zana Ba

A ƙarƙashin gadar Ojuelegba
Baba Ajibade ke baza hajarsa kan buhu,
littattafan da suka sha ruwan Ikko suka kumbura
kamar burodin Agege da ya faɗa a shayi.
Tsohuwar jarida na je nema, ta goge buroshi,
na dawo da biyu a leda:
ɗaya tsoho, mai kauri, bango ya rabu da shi,
ɗaya siriri, bara aka buga shi,
ko ƙamshin kanti bai gama barinsa ba.

Da tsohon na fara.
Wata biyu ina jan sa,
a danfo, a layin famfo, da tocila in an ɗauke wuta.
Mai shi ya mutu tun kakana yana goye,
can inda ƙanƙara ke toshe ƙofa,
amma ga shi zaune kan gwangwanin fentina
yana ba ni labari, ba ya gaggawa.
Shafi uku ya ɓata a kan hancin wani alƙali.
Ya ƙirga maɓallan rigarsa.
Ya faɗi launin labule, da telan da ya ɗinka,
da bashin da ake bin telan.
Na ce, haba Malam, rage mini wani abu,
ni ma da wannan nake cin tuwo!

Sai can wajen shafi na ɗari biyar
wani tsohon bara ya zauna yana goge takalmin maigidansa
kwana biyu bayan an binne shi.
Na kife littafin.
Na fita na tsaya bakin kwata
kamar wanda aka aiko wa saƙo daga gida.

Siririn kuwa dare ɗaya na cinye shi,
na kwana da yunwa.
Matar ciki ba suna, ba fuska.
Abin da aka ba ni kawai:
tana ninke takardar kuɗin wuta sau huɗu
kafin ta sa a jaka.
Na jefa shi bayan katifa.
Na ce wa Tasalla, an cuce ni, rabin littafi aka sayar mini.
Ta ce, to me ya sa tun asuba
kake maganar matar nan kamar ƙanwarka?

Ranar Laraba Namadi mai goro ya zo
da hoton mahaifiyarsa a cikin ambulan.
Ruwan da ya shiga ɗakinsa bara ya cinye fuskar,
saura zane da hannuwa.
Ya zauna ya lissafa mini ita:
wushirya, zanen kumatu, girar hagu da ta ɗan ɗaga.
Na zana. Ya ce ba ita ba ce.
Na sake. Ya ce wannan goggonsa ce.
Na uku ko magana bai yi ba.

Na ce, bar fuskar. Yaya take ba ka goro?
Ya ce, da farcen babban yatsa take fasawa,
ta dubi ɓarin biyu,
ta miƙo babban tana kallon wani wuri.

Hannuwan na zana,
da jan goro, da kai ya juya wajen taga.
Kwana tara na yi kan farcen nan kaɗai,
tsohon marubucin yana bayana yana cewa ƙara,
sabon yana cewa ya isa.

Namadi ya daɗe a tsaye.
Mutumin da ke ciniki kan naira goma har la'asar
ya ajiye kuɗi a benci bai taya ba.

Jiya na koma gadar.
Baba ya ce, mai kauri ko siriri?
Na ce, ka san ƙarshen wancan gara ta riga ni karantawa?
Har yau ban san ko alƙalin ya tuba ba.
Ya yi dariya. Hadari ya taso daga teku.
Na kama masa bakin leda
muka rufe su duka.